Yadda Ake Tsara Taken Makaranta ko na Ƙungiya, Daga Binciken Tarihi Zuwa Bakin Masu Rerawa

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Kano da sassafe, daga Gwale zuwa Fagge ko daga Tarauni zuwa Kurna, ya san lokacin da muryoyin yara suke tasowa daga bayan katangun makarantu, a fara da taken ƙasa, a bi shi da taken makaranta. Wanda ya tsaya ya kasa kunne kuwa zai lura cewa kusan dukansu magana ɗaya suke yi: ilimi haske ne, mu ne manyan gobe, makarantarmu ta fi ta kowa. Da za a zare sunan wannan makaranta a sa na maƙwabciyarta, babu ɗango ɗaya da zai yi gardama. Shugaban makaranta, ko sakataren ƙungiya, ko malamin Hausa da aka ɗora wa aikin samar da take, wannan ramin ne ya kamata ya fara kauce wa.

Ita kanta kalmar take ta ishe mu ma'auni. Tun kafin a san taken ƙasa, Bahaushe yana da take, wato kiɗan da ake yi wa basarake ko ɗan dambe ko manomi, wanda da zarar ganga ta faɗe shi an san da wa ake, ko ba a kira suna ba. Haka kirari yake. Idan aka ce tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, babu mai zaton Katsina ko Zariya ake nufi. Taken makaranta ko na asibiti ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, aikin da ake so ya yi ke nan, kuma duk matakan da ke tafe hanya ce ta kaiwa gare shi.

Mataki na farko: a san mai yanke hukunci, sannan a yi bincike

Kafin a ɗauki alƙalami, a tsayar da mutum uku, ko huɗu idan ya zama dole, waɗanda maganarsu ce ta ƙarshe. Na taɓa zama a wani kwamiti mai mutum fiye da goma, kowa ya zo da kalmar da yake so a cusa, mai lissafi yana son a ambaci kimiyya, mai kula da wasanni yana son a ambaci ƙwallo, har muka tashi da abin da ya fi kama da takardar sanarwar ɗaukar ɗalibai. Ana iya yin gasa don a tattaro tunani. Taken da Nijeriya ta yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024 ma da haka aka same shi, domin an harhaɗa kalmominsa ne daga rubutun mutum biyar da suka shiga gasa, sannan Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya sa masa kiɗa. Amma ko an yi gasa, hannu ɗaya ya kamata ya yi ɗinkin ƙarshe, in ba haka ba za a riƙa jin wurin da aka yi maho.

Binciken kuwa da ƙafa ake yinsa. A je wurin wanda ya kafa wurin idan yana raye, ko iyalinsa. A nemi tsohon kundin da shugabannin farko suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum. A zauna da tsofaffin ɗalibai, kuma kada a raina maigadin da ya shekara ashirin a bakin ƙofa, domin sau da yawa shi ne ya san sunan da mutanen unguwa suke kiran makarantar da shi. Tambayoyin da suka fi fitar da abin amfani su ne: da me aka fara, a zaure ne ko a ƙarƙashin bishiya? Wace wahala aka sha wadda har yau ake ba da labarinta? Wane hali ne idan aka ga yaro da shi a cikin gari ake cewa wannan ɗan makarantar wane ne? Mene ne abin da ba a taɓa yarda a yi ba a wannan wuri, ko da za a yi asara?

A duba kuma tambarin wurin da kalmar da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Jami'ar Bayero, alal misali, ta ɗauko tata daga ƙarshen aya ta 76 a Suratu Yusuf, inda ake nuna cewa a saman kowane mai ilimi akwai wanda ya fi shi sani. Wurin da ya zaɓi irin wannan kalma ya riga ya faɗi halinsa, wato ƙanƙan da kai a gaban ilimi, don haka take mai cika baki ba zai dace da shi ba.

Mataki na biyu: jigo ɗaya

Daga duk abin da aka tattaro, a fitar da magana ɗaya wadda za a iya faɗa a jimla guda ba tare da waƙa ba. Makarantar koyon ɗinki tana iya cewa: a nan muke koyon abin da zai hana mu roƙo. Islamiyyar matan aure tana iya cewa: girma bai hana mu zama a gaban allo ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa a Kurmi ko Kantin Kwari tana iya cewa: maganarmu ita ce rasiɗinmu. Idan jimlar ba ta fito ba, ba a gama bincike ba, a koma.

Wannan ne matakin da ya fi zafi, domin dole a bar abubuwa masu kyau da yawa a waje. Gaskiya da ladabi da haƙuri da kishin ƙasa duk halaye ne nagari, amma jera su kamar kayan koli ba ya sa yaro ya ji komai. Abin da ido yake gani shi ne yake zama a zuciya: allo da tawada, keken ɗinki, badala da ke bayan makaranta, inuwar darbejiyar da aka fara karatu a ƙarƙashinta.

Mataki na uku: harshe, da bakin da ke magana, da sunayen da za a guje wa

A yanke shawara da wane harshe za a rera. Idan ana son na Hausa da na Turanci ko na Larabci, kada a fassara ɗaya zuwa ɗaya kalma da kalma, a ba kowane harshe jigon ya gina nasa baitocin. Mai magana a cikin take shi ne "mu", wato masu rerawa, saboda haka a guji sigar wa'azi irin ta "ku yara ku yi biyayya", domin babu ma'ana yara su tsaya a layi suna yi wa kansu faɗa da bakin hedimasta.

Kada a sa sunan gwamna, ko shugaba mai ci, ko attajirin da ya gina ajujuwa. Waƙar godiya daban, take daban. Ita ana yinta ranar biki a wuce, shi kuwa ana so ya rayu bayan duk waɗanda suka zauna a kwamitin. Shi kansa sunan wurin a ajiye shi a wuri ɗaya tak, cikin amshi, saboda sunaye suna sauyawa. Kwalejin Rumfa da sunan Midil ta Kano ta fara a 1927, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Idan sunan yana cikin ɗango ɗaya, ranar da aka sauya shi gyaran ɗango ɗaya ne.

Sai batun addini. Al'adar waƙar Hausa ce a buɗe da sunan Allah, kuma babu laifi take ya bi wannan. Amma kada a ɗauko lafazin aya a sa cikin abin da za a rera da ganga, yara suna dariya suna ture juna. A ɗauki ma'anar a faɗe ta da Hausa. Makarantar da ke da ɗalibai Musulmi da Kirista, kamar yadda ake samu a Sabon Gari da kewayenta, ta zaɓi kalmomin da kowane yaro zai furta ba tare da iyayensa sun ji wani abu ba. A kuma yi hattara da kalmar da za ta tsufa. Da aka dawo da taken ƙasa na 1960 a watan Mayu na 2024, wani ɓangare na ƙorafin da aka yi a kan wasu kalmominsa ne, waɗanda masu suka suke ganin ƙanshin zamanin mulkin mallaka a jikinsu.

Mataki na huɗu: kari

A nan ne yawancin masu tsara take suke faɗuwa, domin suna ƙirga kalmomi ko tsawon layi a takarda, alhali waƙar Hausa da nauyin gaɓa ake auna ta. Gaɓa iri biyu ce. Akwai gajeriya, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "mu". Akwai doguwa, wadda take da dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "yau", ko wadda baƙi ya rufe ta kamar "kan". Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, sai kunne ya yi hukunci. (Malaman da suka saba da ajami sun fi mu sauƙi a nan, tun da su suna ganin tsawon da ido.)

Marubuta waƙoƙin Hausa sun daɗe suna amfani da karuruwan da aka aro daga arulin Larabci, wato ilimin auna waƙa na Larabawa, irin su Kamil da Wafir da Ramal da Rajaz da Mutaƙarab. Ga wanda zai tsara take, shawarata ita ce Mutaƙarab, saboda tafiyarsa tafiyar fareti ce, kuma yaro yana kama shi nan da nan. Ƙafarsa, wato rukunin gaɓoɓin da ake auna shi da su, gajeriya ɗaya ce da dogaye biyu, ana maimaita ta sau huɗu a ɗango, ta ƙarshe kuma ana iya datse ta ta zama gajeriya da doguwa. Hausa cike take da kalmomin da suka zauna daram a wannan ƙafa: karatu, rubutu, amana, zumunci, mutunci, biyayya, iyaye. A buga tebur da yatsa a furta su, za a ji.

Sai dai wannan sauƙin tarko ne. Dubi wannan ɗango:

Karatu, rubutu, amana, hali

Ya hau kari ba tangarɗa, amma bai ce komai ba, jerin kaya ne kawai. Yanzu a gwada wannan, wanda na tsara don misali, a ce jigon makarantar shi ne cewa ɗalibi amana ce da iyaye suka kawo:

Amanar iyaye tana kanmu yau,
Idan mun yi aiki mu sauke da kyau.

Karin ɗaya ne, amma a nan akwai hoto: kaya a ka, da ranar sauke su. Ɗan Islamiyya kuma zai ji wata sauka ta biyu a ciki ba tare da an faɗa masa ba. Abin da ake nema ke nan, kalma ɗaya ta yi aiki biyu.

Dalilin da ya sa ba a wasa da nauyin gaɓa shi ne yana sauya ma'ana. Idan aka ɗora "garinmu" a wurin da karin yake buƙatar doguwar gaɓa a farko, masu rerawa za su ja "ga" ɗin, sai birni ya koma garin tuwo, ɗaruruwan yara su riƙa rantsuwa kowace safiya cewa za su kare garin masararsu. A "Kano ce garinmu" kuwa "ga" ta faɗo a gurbin gajeriya, ta tsira. Wanda bai amince da kunnensa ba ya kai wa masani. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na cikin gari ba su rasa malaman da aruli ne abincinsu.

Mataki na biyar: zubi, amsa-amo da amshi

Baiti biyu ko uku da amshi sun isa, a ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, wato ɗango biyu ko huɗu a kowane baiti. Ƙwar biyar tana da daɗin karatu, amma ta yi wa filin taron safe tsawo. Duka taken kada ya wuce minti ɗaya da rabi, domin a tuna cewa a tsaye ake rera shi, bayan taken ƙasa, wani lokaci a cikin ranar watan Afrilu. Amsa-amo a zaɓi harafi mai yalwa, irin "ba" ko "wa" ko "ya" ko "na", don kada neman kalmar da za ta dace ya tilasta wa marubuci faɗin abin da bai yi niyya ba. Amshi shi za a fara rubutawa, shi za a fi ɓata wa lokaci, domin bayan shekara talatin shi kaɗai tsohon ɗalibi zai tuna. A cikinsa jigo da sunan wurin za su haɗu.

Mataki na shida: karin murya

Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa. "Wuya" ta jiki tana farawa sama ta sauka, "wuya" ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Haka "baba" na mahaifi ya bambanta da baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata. Gaskiya ne mawaƙa ba kullum suke bin karin magana sau da ƙafa ba, kuma sauran jimlar takan ceci ma'ana, amma a kalmomin da take ya dogara a kansu, musamman na ƙarshen ɗango da na amshi, muryar waƙa ta hau inda magana ta hau, ta sauka inda ta sauka. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta baitin da ƙarfi sau da yawa kamar mai shela, a saurari hawa da saukar da ke cikinsa, sannan a ja su su zama waƙa. Wanda ya fara ɗauko muryar wata waƙar Indiya ko ta coci ko ta Larabawa ya ce zai cusa mata Hausa, zai yi ta fama da kalmomi suna karyewa, ga kuma abin kunya ranar da wani ya gane inda aka ɗauko.

Kada tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙasa da mafi sama ta yi faɗi. Masu rerawa ba mawaƙa ba ne: akwai 'yan aji ɗaya masu siririyar murya, akwai samarin sakandare da muryarsu take fashewa, akwai malamai. A gwada shi da safiyar hunturu, lokacin da ƙura ta shaƙe maƙogwaro. Idan ya fita a ranar, zai fita kullum.

Mataki na bakwai: kiɗa

Ƙa'idar farko ita ce take ya iya tsayawa da murya zalla, saboda ranar da babu wuta ba za a fasa taron safe ba. Masu situdiyo na titin Gidan Zu sun iya aikinsu, amma fiyano da kwamfuta suna rufe aibin waƙa, su sa rarraunan amshi ya yi kamar gagarumi. A je wurinsu a ƙarshe, kada a fara da su.

Idan za a sa kayan kiɗa, a san cewa kowanne yana da gidansu. Kakaki da tambari na sarauta ne, kuma a gari irin Kano ba a ɗaukar su a yi wasa. Kalangu yana tuna wa mutane mahauta da gidan biki. Bandiri yana kai zuciya ga zikirin Ƙadiriyya. Makarantar boko mai fareti badujala ta ishe ta. Islamiyya kuwa a tambayi malamanta tun da wuri, domin wasu sun yarda da mandiri, wasu murya kaɗai suka yarda da ita, kuma bai kamata a gama aiki sannan a gano haka ba.

Mataki na takwas: gwaji a bakin masu shi

A ɗauki aji ɗaya na 'yan firamare huɗu, ko mutum ashirin daga cikin 'yan ƙungiya waɗanda ba su da alaƙa da waƙa. A rera musu sau uku, su maimaita, a tafi. Bayan kwana uku a dawo a ce su rera ba takarda. Ɗangon da suka manta, ko suka sauya masa kalma, laifin ɗangon ne, kuma sau da yawa kalmar da suka sa ta fi ta marubucin zama. Mai gwajin ya tsaya a layin baya, don a can ake jin gaskiya, ba a gaba inda 'yan ƙwazo suke ba. Ya kuma tambayi yara biyu ko uku ma'anar kowane baiti. Idan an sa kalmar Larabci ko tsohuwar Hausa da ba su gane ba, ko dai a sauya ta, ko a tabbatar za a riƙa koyar da ita.

Akwai gwaji na biyu da ba a cika faɗa ba. A nemo yaran da aka sani da tsokana a ba su taken, a ga yadda za su murɗe shi. Ko an so ko ba a so ba za su yi, gara a ji tun ana iya gyarawa. Idan sauya harafi ɗaya yana mayar da ɗango zagi ko batsa, a cire ɗangon komai kyansa.

Mataki na tara: rubutu, yarjejeniya da ajiya

Idan an amince, a rubuta matanin da daidaitacciyar Hausa, da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ a wurarensu, kuma a tsaya a kan mai fentin da zai rubuta shi a bango. Masu fenti sun saba zubar da ƙugiya, kuma tsakanin "ƙasa" da "kasa" akwai tazarar da ke tsakanin kishi da gazawa.

A biya marubuci da mai sa murya haƙƙinsu, a kuma yi takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ba ta ɗaukar mallaka ta tashi daga hannun mai ita zuwa wani sai an yi a rubuce, don haka "ai na ba ku kyauta" da aka faɗa a ofishin shugaba ba hujja ba ce idan magada suka taso. Takardar ta faɗi wanda ya mallaki taken, da wanda yake da ikon gyara shi, da cewa za a riƙa ambaton sunan wanda ya tsara.

A naɗi murya iri biyu, ɗaya da kiɗa don bukukuwa, ɗaya murya zalla a hankali don koyarwa, a ajiye su a wuri fiye da ɗaya, kada a bar su a wayar malami guda wanda zai iya barin aiki. A ƙaddamar da shi ranar da iyaye suke nan, kamar ranar rabon kyaututtuka ko walimar sauka, bayan ɗalibai sun yi aƙalla wata guda suna rera shi. Daga nan a ɗora wa malami ɗaya da wasu manyan ɗalibai koyar da sababbin shiga a makonsu na farko. A farkon kowace shekarar karatu kuma a kunna ainihin muryar da aka naɗa a filin taro, a kwatanta da yadda ake rerawa yanzu, domin baki yana jan waƙa a hankali, wata gaɓa ta ƙara tsawo, wani sauti ya sauka, kuma malamin da yake jinta kullum shi ne na ƙarshe da zai lura.